Arba'in Uku a Jere

Wata rana, wata Talata, ina zaune a kan bencin wani asibiti a Funtuwa ina jiran a kira ni awon hawan jini.

Wanda ya san layin asibiti ya san ba a gaggawa a can. Ka miƙa kati, ka nemi inuwa, ka jira rabonka.

Sai ga wata dattijuwa an rako ta. Za ta kai shekara saba'in. Doguwa ce, mayafinta fes, amma idanunta sun yi zuru-zuru kamar wadda ta tashi daga doguwar jinya.

Mutum biyu ne tare da ita. Wani magidanci da makullin mota a hannu, da wata matashiya rungume da jinjiri, kana ganinta ka ga mai jego.

Suka zaunar da ita kusa da ni, suka ja gefe suna magana ƙasa-ƙasa.

Muka gaisa. Ta ce sunanta Tabawa. Magidancin ɗanta ne Mamuda, daga Kaduna ya zo. Mai jegon kuwa autarta ce, Barira.

Ana cikin haka jinjirin ya ɗan yi ƙara. Na ga hannuwan dattijuwar sun ɗaga da kansu. Sai ta mayar da su kan cinya, ta danne ɗaya da ɗaya.

Na ce, "Jikanki ne?"

Ta ce, "Jikana ne, ɗan farin Barira. Yau kwana tara ba a ba ni shi ba."

Ban tambaye ta dalili ba. Ita da kanta ta ci gaba, tana kallon ƙasa.

Barira wankan gida ta zo, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Inna Tabawa ce ke dafa ruwan, ita ke yi mata wankan, ita ke riƙon jinjiri.

Wata safiya ta fito da shi tsakar gida ya sha ɗumi kafin ruwa ya tafasa. Ta shimfiɗe shi a tabarma kusa da murhu, ta shiga ɗaki ɗauko zani.

Ta zauna a bakin gado.

Shi ke nan. Zanin ya fita daga ranta, jinjirin ma haka.

Barira ce ta fito ta tarar garwashi ya faɗo, bakin tabarma ya fara hayaƙi. Allah ya tsare, ko gashinsa wuta ba ta taɓa ba. Amma da aka tambayi Inna, rantsuwa ta riƙa yi cewa yana ɗaki yana barci.

"Kuma har ga Allah haka na sani," in ji ta. "Ba ƙarya na yi ba, 'yar'uwa. A kaina yana ɗaki."

Dama kafin nan an fara ganin alamu. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta tsaya tsakiyar salla ba ta san raka'a ta nawa take ba. Ta je kasuwa ta yi tsaye gaban mai kanwa, ta rasa abin da ya kai ta.

Maƙwabta suka ce gigin tsufa ne. Wata ta ce ita dai a nemi rubutu, wannan bai yi kama da na Allah da Annabi ba.

Mamuda ya zo ya yanke shawara. Ranar Asabar, da zarar Barira ta yi arba'in, zai tafi da Inna Kaduna. An gyara mata ɗaki a bayan gida, an samu mai kula da ita, ƙofar gida kuma a kulle za ta riƙa zama don kada ta fita ta ɓata.

"Shekara hamsin da biyu ina ɗakina," ta ce. "Nan aka kawo ni amarya, nan aka fitar da mahaifinsu. Yanzu takarda kawai suka zo likita ya ba su, wadda za su kai asibitin can."

Na waiwaya na dubi Mamuda. Ba fuskar mugu na gani ba. Mutum ne da ya tsorata.

Da aka kira sunanta, sai ta kama bakin mayafina.

"Don Allah ki shiga da ni. Idan muka shiga su za su yi ta magana, ni in zama kamar ƙunshin wanki. Ba sai kin ce komai ba, ki zauna kusa da ni kawai."

Na dubi 'ya'yan. Barira ta gyaɗa kai. Na bar layina na bi su.

Likitan matashi ne, sa'an jikanta. Yana ganinta ya yi murmushi.

"Amaryata, yau ke ce a wurina? Ina tuwona?"

Kun san tsofaffinmu ba a jan su da wasan jika su yi shiru. Ita kuwa ko kai ba ta ɗaga ba.

Mamuda ya fara jero laifuka: gishiri, salla, kasuwa, tabarma. Likita ya bar shi har ya kai aya. Sannan ya juya kujerarsa ya fuskanci Inna.

Ya ɗaura mata abin awo a hannu. Ya duba, ya sake aunawa, ya rubuta. Ya ce jininta ya hau sosai, kuma da alama ya daɗe a haka ba a sani ba.

Ya ce, "Zan faɗa miki abu uku, ki riƙe min. Tulu, akuya, Laraba."

Ta maimaita. Ya duba idonta, ya sa ta matse masa yatsu, ya sa ta taka zuwa ƙofa ta dawo. Sannan ya ce ta ba shi ajiyarsa.

Ta daɗe tana lalube.

"Akuya," ta ce. Sauran biyun suka ƙi zuwa.

Mamuda ya dubi Barira. Barira ta sunkuyar da kai kan jinjirinta.

Likitan bai ɗauki takardar da suke jira ba. Ya ajiye biro.

"Inna, yaushe rabonki da ki kwanta bayan isha'i, ba ki farka ba sai asuba?"

Ta ɗaga yatsu tana ƙirge.

"Tun watan azumin tsofaffi."

Mu kuwa a ranar saura kamar mako biyu Babbar Salla.

Likita ya ce, "Wata huɗu ke nan. Me ya hana ki?"

"Jego mana, ɗan nan. Uku ne suka zo min a jere."

A nan muryarta ta ɗan miƙe, don an zo fagen da ta sani.

Babbar 'yarta ce ta fara haihuwa a Bakori, ta je ta yi mata kwana arba'in. Ba ta kwance jakarta ba aka bugo waya daga Kaduna, matar Mamuda ta sauka, tagwaye, ga shi ita matar mahaifiyarta ba ta raye. Ta tafi can, cikin azumi, tana hidimar jego tana dafa sahur. Ranar da ta dawo gida ta tarar Barira ta riga ta iso da ciki wata tara.

Likita ya ce ta faɗa masa yadda yininta yake.

Ta ce ƙarfe uku na dare take tashi hura wuta, don babbar tukunya ba ta tafasa da wuri. Wanka da asuba. Ta dama kunun kanwa. Ta yi wa jinjiri wanka, ta gasa masa cibiya. Kafin ta zauna 'yan barka sun fara sallama. Da azahar ta sake hura wuta saboda wankan la'asar.

"Da dare fa?"

"Da dare jinjiri yana wurina. Mai jego ai hutu take so. Balle Barira, ɗan fari ne, kunyarsa take ji, ko kuka yake sai na ce ɗauke shi ki ba shi nono."

"To da me kike tsayuwa?"

Ta kwance bakin zaninta ta nuna masa. Goro ne, manya guda huɗu.

"Tun da aka karɓe jinjirin fa, kwana taran nan? Kin samu barci?"

"Ina fa. Ina kwance ina jin kukansa ta bango, ina tunanin Asabar."

Mamuda ya gyara zama. Ya ce, "Likita, a gidana fa kwana arba'in kawai ta yi."

Barira ta ce, "Nan ma ba a cika arba'in ɗin ba tukuna."

Likita ya dube su.

"Kowa ya ƙirga nasa arba'in. Wa ya haɗa su?"



Can Mamuda ya ce, a hankali, "Ni na ɗauka tsofaffi ba su cika buƙatar barci ba. Tun muna yara ita ce ƙarshen kwanciya, ita ce farkon tashi."

Likita ya ce barcin tsoho yakan yi sauƙi, motsi kaɗan ya farka, amma buƙatar tana nan ba ta je ko'ina ba.

Sai ya jawo wata takarda ya yi zane, ya juya ta wajen Inna, ba wajen 'ya'yanta ba.

"Inna, kin san cikin gari. Akwai manyan tituna, akwai lunguna. Motar kaya ba ta kai hatsi ƙofar ɗaki, sai an bi lungu da shi."

Ta ce, "Haka ne."

"To haka ƙwaƙwalwa take. Akwai manyan hanyoyin jini, akwai kuma ƙanana, sun fi silin gashi siranta. Ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya suke bi ta cikinsu, kamar mata za su shiga gidan suna ta ƙaramar ƙofa. Ta nan abinci da iska suke kaiwa ga inda kike ajiye sunan mutum da lissafin raka'a."

Ya ce idan shekaru suka ja, lungunan nan ba sa zama kamar na ƙuruciya. Wasu su ƙuntata, wasu tafiyar jini ta riƙa tsayawa a cikinsu tana ci gaba. Hawan jini kuma yana ƙara gajiyar da su.

"Idan mutum ya samu barci mai nauyi, bugun jini yakan sauka, jijiyoyin su huta, ƙwaƙwalwa ta kintsa abin da ta tara da rana. Masana suna nan suna ta bincike a kan yadda abin yake, ba a gama sani ba. Amma ko mai shekara talatin aka hana barci wata huɗu, zai zuba gishiri sau biyu."

Inna ta ɗago kai a karon farko.

"Wato ban haukace ba?"

"Ban ce komai ba tukuna. Ba zan ce gigin tsufa ne ba, ba zan ce ba shi ba ne. Wanda bai yi barci ba, ba a auna hankalinsa. Ku ba ni mako shida."

Ya rubuta maganin hawan jini da gwajin jini. Ya ce ta kwanta bayan isha'i, kada kowa ya tashe ta sai salla. Ta ɗan kishingiɗa da rana. Goro daga azahar an rufe. Da yamma ta taka zuwa gidan maƙwabta ta yi hira ta dawo. Jinjiri kuma a bar shi wurin uwarsa har su dawo ya sake duba ta.

"Idan kun dawo mantuwar tana nan yadda take, za mu yi hoton kai, kuma zan faɗa muku gaskiya komai ɗacinta."

Kun san me Inna ta ce?

"To wa zai dafa wa yarinya ruwa? A ce da raina wata ta yi wa autata wanka?"

Barira ta share ido da bakin mayafi.

"Inna, kwana uku ya rage. Gwaggo tana nan bayan layi, tun ranar suna take cewa a bar ta ta kama miki, ke ce kika ce ba ta iya hura wuta ba."

"Ai ba ta iya ba."

"To na yi wankan da ruwan da bai tafasa ba. Ba zan mutu ba."

Likita ya dubi Mamuda. "Asabar fa?"

Mamuda ya daɗe yana juya makullin motarsa. Ya ce, "A bar ta a ɗakinta zuwa mako shidan."

Muka fito. Na tarar an wuce sunana, sai da na koma ƙarshen layi. Ban ji haushi ba.

Ni ma mako shida aka ba ni in dawo awo. Na yi ta tunanin baiwar Allahn nan. Babbar Salla ta zo ta wuce, ina yanka nama tana raina.

Ranar Talatar na riga kowa zuwa, na zauna ina kallon ƙofa.

Mutane suna ta shigowa, babu ita. Rana ta ɗaga. Na fara cewa a raina ko dai an tafi da ita.

Sai na ji an dafa kafaɗata.

"'Yar'uwa, matsa min. Ke kullum a wuri ɗaya kamar an dasa ki."

Ita ce. Fuskar ta ciko, idanun sun dawo mazauninsu. Barira tana bayanta da jinjiri, Mamuda yana biye.

Ta zauna ta ba ni labari. Daren farko da ta kwanta, ba ta farka ba sai da hantsi, asuba ma sai ramawa ta yi.

"Sau uku yarinyar nan tana leƙowa ta ga ko ina numfashi. Na uku har da ɗora min hannu a hanci."

Barira ta ce, "Inna, minsharinki har zaure, amma da kika yi shiru ai dole in duba."

"Ƙarya take, ni ba na minshari."

Ta ce makon farko kamar an yi mata duka, ko'ina ciwo, ga kewar goro. A mako na biyu ta idar da salla ta lura ba ta yi kokwanton raka'a ba. A na uku ta je kasuwa ta sayo abu biyar ba tare da an rubuta mata ba.

Da aka kira ta, ba ta kama mayafina ba. Cewa ta yi, "Taso ki ga ƙarshen abin da kika fara."

Likita ya auna jini, ya ce ya sauka, ko da yake bai kai inda yake so ba. Ya ba ta sababbin abubuwa uku ta riƙe. Ya ja ta da hira, ya tambaye ta ranar wata, ya sa ta lissafo jikokinta daga babba zuwa ƙarami.

Sannan ya nemi ajiyarsa.

Ta ba shi duka ukun, a jere. Ta ƙara da cewa, "Kuma ka daina tambayata tuwo. Mijin da bai kawo cefane ba, ba ya tambayar tuwo."

Likita ya yi dariya har da buga tebur.

Ya ce wa 'ya'yan, "Ban ga abin da zai sa a ɗauke ta daga ɗakinta ba."

Amma bai ɓoye musu sauran ba. Ya ce jijiyoyin mai shekara saba'in ba za su koma na budurwa ba. Za ta riƙa manta inda ta ajiye carbi, wannan ba abin tsoro ba ne. Magani kullum, ba fashi. Duk wata uku a kawo ta ya duba. Idan aka ga baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, kada a jira gari ya waye.

Mamuda ya sauko daga kujera ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa, babban mutum da furfura a gemu.

"Inna, ki yafe min. Tagwayena kika yi wa hidima cikin azumi, ni kuma na tashi zan kulle ki."

Ta ce, "Tashi, kada ka ɓata wandonka. Ni ma da laifina. Da na ce na gaji, wa zai dake ni?"

Barira ta matso, ta ɗora mata jinjirin a cinya.

Inna ta tsaya tana kallonsa. Ya yi ɓul-ɓul, har ya fara riƙe wuya. Ta ɗaga shi ta jinjina nauyinsa, ta sa hanci a wuyansa ta daɗe ba ta ɗago ba.

Da ta ɗago sai ta miƙa hannu.

"Ba ni zanin."

Ta goya shi da kanta, ta ɗaure tam, ta miƙe.

A bakin ƙofa Mamuda ya ɗan yi gyaran murya. Ya ce dama akwai maganar da yake ta jin nauyin faɗa. Matar ƙaninsa da ke Zariya watanta ya kama.

Inna ta tsaya, ta juyo.

"Allah ya sauke ta lafiya. Zan je ranar suna, in ci tuwo, in sa albarka, in dawo ɗakina in kwanta. Ruwan zafi kuwa, gwaggonku ta koyi hura wuta."

Ta wuce gaba da goyonta, su biyun suna bin ta a baya.

Darasi:

Tsohuwar da ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ba ƙarfe ba ce. Kunya ce da tarbiyya suka rufe mata baki.

Mukan raba iyayenmu tsakaninmu, wannan ya ɗauka wata guda, wancan ya ɗauka wata guda, kowa yana ganin nasa kaɗan ne. Jikin kuwa guda ɗaya ne.

Idan babba ya fara mantuwa, kada a yi saurin cewa gigi, kada kuma a zauna a gida ana hasashe. A kai shi asibiti, a auna jininsa, a bar shi ya yi magana da bakinsa. Wani mantuwar tasa ciwo ce da ke buƙatar kulawa ta daban. Wani kuwa hutu ne aka daɗe ba a ba shi ba. Likita ne zai rarrabe.

Yau idan ka kira mahaifiyarka, bayan "ina kwana" ka ƙara da "awa nawa kika yi?"

Ku tura wannan cikin zauren danginku, musamman gidan da ake jiran haihuwa. Wataƙila akwai wata kaka da ta riga ta ɗaure jakarta, ba wanda ya tambaye ta daga wane jegon ta fito.